Kututturan da Kawu Garba ya bari

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Garba, yayan innata, kuma ranar da ta cika ta same ni zaune cikin katafila a gandun itacen da ke bayan Amarawa, na riga na tumɓuke kututture huɗu cikin waɗanda shi ya raina da hannu nai. Ban ko lura ba. Na ɗaura sarƙa a bakin cokalin ginar ƙasa na injin ina jan gumagumai a ƙasa, ina sauri in cika tirela kafin azahar, sai na ga wani tsoho ya sha gabana da sanda, shanu nai na baya. Jauro Bello ne, Bafulatanin da sunka yi shekaru suna shan inuwa ɗaya da Kawu.

Na kashe injin na sauko. Na gaishe shi. Ya nuna ramukan da sanda, ga saiwoyi nan a waje fari fat, rana na dukansu.

"Kai ba ɗan ƙanwar Garba ba ne?"

"Ni ne, Baffa."

"Aikin itace anka ba ka, ko ginar rijiya?"

Ya kaɗa shanu nai ya wuce, ya bar ni tsaye da makulli a hannu.

Ga wanda bai san Kawu Garba ba, shi ba wani babban mutum ba ne. Lebura ne na gandun daji, mai gadi da dashe da sassabe, kusan duk rayuwa tai. Layukan itatuwan turare da dogon yaro da ke tare wa gonakin wajen iska, tun suna 'yan dashe cikin leda ya san su. Bai yi boko ba. Gatari gare shi, da zarto, da kekensa da ba ya da birkin baya.

Shi wurinsa sare itace ba kashe shi ba ne, in an iya. Shina barin kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya karkata saran don kada ruwa ya kwanta bisa ya ruɓar da shi, ya kewaye shi da ƙayar bagaruwa saboda awaki. Da damina ta faɗi sai toho ya fito, biyar, shida, ya zaɓi biyu masu ƙarfi ya cire sauran. Bayan 'yan shekaru ga itace ya koma tsaye kamar ba a taɓa shi ba. Abu guda ne bai yafewa: a ja gungume a ƙasa cikin layi. Ko a ɗauka a kafaɗa, ko a bar shi nan. Gungume in ana jansa, duk kututturen da ya ci karo da shi sai ya ɓare shi ko ya girgiza mai saiwa, daga nan kuma ba toho.

Na san wannan sarai, don ya sha gaya mani. Da na bar makaranta ina aji biyu na sakandare, wurinsa inna ta kai ni. Wata uku na yi. Ban iya zama wuri guda ba. Na koma kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni, na yi yaron 'yan canji ina ƙirga sefa, na sayar da fetur a kwalba, na tafi Sakkwato na dawo. Duk lokacin da munka haɗu a kasuwa sai ya dube ni ya ce, "Sarkin gaggawa, yau kuma ina anka nufa?" Bai taɓa yi mani faɗa ba. Ni kuma da faɗan ya yi da ya fi mani sauƙi.

Tuƙin katafila shi ne aiki na farko da na riƙe ya haura shekara biyu. Inna har ta fara faɗi gaban mutane cewa ɗanta direba ne. Da anka ba wani ɗan kwangila aikin rage tsofaffin itatuwan gandun, masu sara sunka yi nasu daidai, don yawancinsu Kawu ya koya masu. Fitar da gumagumai ya rage, shi ne nawa.

Injin wanga ana sauya mai baki. Akwai cokali na ginar ƙasa, shi ke jikinsa kullum. Akwai kuma wani mai yatsu da muke ce ma awartaki, shi ne na itace: ka tsaya daga bakin hanya, ka miƙa hannun injin, ka cafke gungume ka ɗaga shi sama, ka juya ka aje cikin tirela, ƙasa ba ta san an yi ba. Na ce ma oga, wato ɗan kwangilar, awartaki ya kamata a kawo. Ya ce yana can Sakkwato hannun wasu, sai bayan kwana huɗu, shi kuma ba ya da kwana huɗu. "Ɗaura sarƙa ka ja, Nasiru. Itace ne, ba ƙwai ba." Na ce to. Gaskiya ban yi gardama ba ko sau ɗaya. Na gaji da neman aiki, kuma na san akwai direbobi zaune a tasha suna jiran irin wagga dama.

Bayan Jauro ya tafi na zauna bisa wani gungume, zafin bazara na fitowa daga ƙasa, ina tunanin mi Kawu zai ce da yau ya gani. Mutane za su zaci injin ne Kawu zai ƙi. Ni ban zaci haka ba. Kafaɗar dama tai ta mutu tun kafin shi ya mutu, shekarunsa na ƙarshe inna ke sa mai riga. Da ya ga ƙarfe na ɗaga gungumen da sai mutum shida ke iya ɗauka, na rantse da sai ya zagaya shi yana dariya, ya ce a ɗaga shi shi ma. Abin da zai ɓata mai rai shi ne a ce kayan aikin da ya dace yana nan duniya, kwana huɗu kawai ke tsakani, amma anka ƙi jira. Kuma a ce wanda ke kan kujerar ɗan ƙanwa tai ne, wanda ya san dalili.

Kawu bai bar gida na siminti ba, bai bar ɗa namiji ba, hotonsa ma guda ne, na katin aiki. Keken an sayar. In an tambaye ni mi ya rage nai, layukan nan ne, da 'yan tsofaffi irin Jauro da ke iya tsayawa gaban inji saboda su. Huɗun da na cire sun tafi, ko na mayar da su rami ba su kamawa. Amma akwai layi tara a gaba da ban shiga ba, kowane cike da kututturai suna jiran ruwan farko. Allah ya jiƙan Kawu Garba, ya sa ya huta. Ni dai ban huta ba, ban kuma san inda zan nufa in wanga aiki ya kuɓuce.

Na kwance sarƙar na jefa bayan injin, na ɗauko waya na rubuta ma oga:

"Salam oga. Na tsayar da aiki a gandun Amarawa. Ba ni ƙara ja da cokali. In an kawo awartaki ina nan, zan yi har da Juma'a in cike kwanakin. In ba a iya jira, zan aje makulli wurin mai shayin bakin hanya, a ba wani. Amma a gaya mai sai ya fara wuce ni, don nan zan zauna."