Ɗigon Lalle a Hannun Inna

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta shekarar da hannun mahaifiyata ya mutu ya dawo. Inna mai kitso ce a Magama, bakin iyakar Jibiya. Mata daga Maraɗi ma tsallakowa suke yi su zauna a gabanta, don yatsunta sun fi idonta gani. Tana kitso tana leƙen tukunya tana yi mana faɗa, tsaga ɗaya ba ta karkacewa.

Wata damina iska ta ɗauke kwanon rumfarta, ta kai hannu za ta tare, ya yanke ta a tsakiyar hannun dama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. A asibiti a Katsina aka ɗinke, har da jijiyar da ke kai saƙon ji daga yatsu. Ciwon ya warke sumul, amma babban yatsa da biyu na kusa da shi suka zama kamar na aro. Suna lanƙwasuwa, ba sa jin komai. Ta taɓa riƙe murfin tukunya mai zafi, sai da na ga fatar ta tashi sannan ta sani. Masu zuwa kitso suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai na rage, ina miƙa mata kaina duk mako tana yi mini kitson da ko akuya ta gani sai ta yi dariya.

Bayan wasu makonni wani abu ya ɓullo. Ƙasa da tabon kaɗan, wuri ɗaya ya fara yi mata zafi kamar garwashi. Ko gefen mayafi ya shafe shi sai ta zabura. Maƙwabta suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Wani wanzami daga Gangara ya ce a bar shi ya ɗora wa wurin ƙarfe mai zafi, ciwon ya mutu a inda yake. Inna ta yarda nan take, don ta gaji. Ni ce na roƙe ta mu fara komawa asibiti, ta bi ni tana mita tun daga tasha.

Likitar ba ta yi mamaki ba. Ta riƙa ƙwanƙwasa hannun da ɗan yatsa daga wuyan hannu tana hawa sama, har ta zo wani wuri Inna ta ce wani abu ya tsarga mata kamar lantarki har cikin yatsun da suka mutu. Likitar ta sa biro ta ɗiga a wurin, ta ce nan kan jijiyar ya iso. Abin da ta faɗa bayan haka har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ta ce uwar jijiyar ba a hannu take ba, tana can kusa da ƙashin baya, wajen wuya. Can ake ƙera wasu ƙananan sinadarai da ake kira furotin, a riƙa turo su ta cikin jijiyar har bakin inda aka yanke. Wasu aikinsu gini ne, suna ƙara mata tsawo, ƙarin yini guda bai kai ƙwayar gero ba. Wasu kuma su ne ke tayar da saƙon zafi, kuma da yake hanya ta yanke, sai su taru a kan jijiyar su yi yawa, abu kaɗan ya sa su kururuwa.

Inna ta ce, "Kamar lokacin da anka ruhe boda ke nan. Motoci na ta zuwa, babu wucewa, kowa na danna oda."

Likitar ta yi dariya ta ce haka ne. Amma ba ta ɓoye mana ba: wani lokaci hanya na buɗewa zafin ya lafa, wani lokaci kuma ya zauna wa mutum shekaru. Ta ba da magani, ta ce in aka ƙona wurin, an ƙone abin da ke tafiya zuwa yatsun ke nan.

Kafin la'asar alwala ta wanke ɗigon biron. Sai na kwaɓa lalle na ɗiga a gurbinsa. Daga nan duk bayan 'yan makonni nakan ƙwanƙwasa yadda na ga an yi, in ɗiga sabo, in sabunta na baya. Ɗige-ɗigen suka jeru suna gangarawa. Ni ina kallonsu ina tasbihi, Inna kuwa cewa take ciwon da ke tafiya da ƙafarsa ai ya fi mai zama wuri ɗaya sharri. Sau biyu ta aika a kira wanzamin, ni kuma ina tare shi a zaure in ce ta fita unguwa. Ranar da zafin ya sa ta kuka a gabana, na kusa barinsa ya shigo.

Da kakar shekarar da ta biyo baya, ɗigon ya riga ya wuce tafin hannu. Ran nan na dawo daga gona ɗauke da harawa, na zauna a gaban Inna ba tare da na kakkaɓe kaina ba. Tana tsefe mini tana hira da maƙwabciya ta kan katanga, sai na ji ta fizge hannu ta ce wash. Na juya. Ƙarangiya ce ta maƙale a gashina, ta soke ta a kan babban yatsa. Ta tsaya tana kallon yatsan, sannan ta sake danna shi a kan ƙayar da gangan.

"Ɗiyata," ta ce, "na ji ta. Wallahi na ji ta."

Ban taɓa ganin mutum yana murna da sukar ƙaya ba sai ranar. Muka yi kuka, muka yi dariya, maƙwabciya tana tambayar ko lafiya.

Masu zuwa kitso sun dawo, ko da yake hannun bai koma daidai da da ba, kuma har yau in sanyi ya shigo wurin tabon yana yi mata zugi. Abin da na koya shi ne kada in yi saurin yanke wa ciwo hukunci, nawa ko na wani, don wani zafin alama ce ta gyaran da Allah ke yi a inda ido ba ya kaiwa. Inna kuwa nata darasin daban ne. Ranar ta nannaɗe ƙarangiyar a bakin zane, ta ce wannan ba ta shara ba ce.