Rantsuwar Turai Mai Tafireta

Duk wanda ya taɓa zuwa a buga masa takardar rantsuwa a rumfunan bakin kotu, can wajen Doka a Kaduna, ya san Hajiya Turai ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai tabarau ɗaure da zare, wadda kowa ya koma kwamfuta ita ta ƙi. Tafiretarta ta girmi yawancin lauyoyin da ke wucewa ta gabanta, kuma ko an ɗauke wuta ita aikinta take yi. Ba ta da fara'a, gaskiya. Idan ka zo kana kame-kame a kan ranar haihuwarka, sai ta sauke tabarau ta ce ka je gida ka tambayo uwarka ka dawo. Amma takardar da ta buga ba a taɓa dawo da ita don kuskure ba, shi ya sa ake jure bakinta.

A Rigachikun aka haife ta, 'yar Malam Hassan manomi. Su biyu ne rak a wajen uwarsu, ita da yayanta Datti. Shi ya fara shigowa Kaduna ya samu aikin gwamnati, shi kuma ya ɗauko ta bayan ta gama firamare ya sa ta a makarantar koyon buga tafireta. Shekara talatin da biyu ta yi tana buga wasiƙun ma'aikata. Ta yi aure sau ɗaya, Allah bai ba ta haihuwa ba, auren kuma bai yi ƙarko ba. Da matar Datti ta rasu ta bar yara biyu, Fahad yana shekara shida, Juwairiyya tana huɗu, sai Turai ta kwashe kayanta ta koma gidan yayanta a Unguwar Dosa. Ita ta yi musu wanka, ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta je makaranta ta yi faɗa da malamin da ya fasa wa Fahad baki.

Da ta yi ritaya, sai ta ɗauki garatutinta ta gina ɗaki biyu da banɗaki a bayan gidan, inda da ake shanya. Ranar da aka sa ƙofa ta ce wa yayanta ya rubuta mata 'yar takarda. Datti ya yi dariya ya ce, "Haba Turai, tsakanina da ke har sai takarda? Naki ne har ki mutu." Ita ma ta yi dariya ta bar maganar. Matar da ta ƙare rayuwarta tana buga wa mutane shaida, ita ba ta da ko layi ɗaya a kan ɗakin da take kwana. Wannan wautar ta daɗe tana cin ta a rai.

Datti ya rasu bayan ƙaramar Salla, hawan jini. Ana gama sadakar arba'in Fahad ya shigo ɗakinta riƙe da fayil, ya tsaya daga bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba. Lokacin ya kai shekara talatin da huɗu, kamfanin da yake wa aiki ya rufe, matarsa na da tsohon ciki.

"Gwaggo, sayar da gidan za mu yi."

"Ku da wa?"

"Ni da Juwairiyya. Ai mu ne magada."

"Na sani. Ni na wanke muku kashi, ba sai an gaya mini ku ne magada ba. Ɗakunana fa?"

"Wace takarda ce ta ce naki ne?"

Turai ta dube shi tun daga hula har ƙasa. Ba ta ja da hukuncin Allah ba, ta san 'yar'uwa ba ta cin gado idan mamaci ya bar ɗa namiji, ita da ta buga jerin magada ya fi a ƙirga. Ko cokali ba ta nema a dukiyar Datti ba. Abin da ta gina da guminta take so a bar mata, ta ƙarasa kwananta a ciki. Shi kuwa mai sayen, wani Alhaji ne da ke son ya rushe komai ya zuba gidajen haya, kuma ya ce ko duka ko ya fasa. Har ya ba Fahad abin da zai biya kason da ake karɓa a kan dukiyar mamaci kafin a fitar da takardar izinin gado, wanda mutane ke ce wa harajin gado. Sharaɗinsa ɗaya ne, takarda na fitowa a ba shi gida babu kowa a ciki cikin mako uku.

To, a nan ne gardama ta kunno kai ta inda Fahad bai zata ba. Sunan yanka na mahaifinsa Abdurrahman ne, sunan mahaifin Malam Hassan aka mayar masa, shi ya sa iyayensa ba sa iya faɗa, suka riƙa ce masa Datti. Da aka kai shi makaranta, malami ya rubuta Datti, ya lanƙaya masa sunan gari kamar yadda ake yi a lokacin. Da sunan Datti Rigachikun ya yi aiki, da shi ya sayi gida. Sai da zai tafi Makka ya ce shi ba zai je ɗakin Allah da laƙabi ba, ya yi fasfo da Abdurrahman Hassan, daga nan katin ɗan ƙasa da takardar asibiti da takardar mutuwa duk suka bi wannan sunan. Lauyan da ke bin maganar ya jera takardun a tebur ya ce, a idon doka mutum biyu ne nan, ko kalma ɗaya ba ta haɗa su ba. Wanda ya mutu ba shi da gida, mai gidan kuma babu shaidar ya mutu. Sai an kawo ɗan'uwa na jini wanda ya san shi tun yarinta, ya rantse cewa mutum ɗaya ne.

Fahad ya tafi Rigachikun ya dawo hannu rabbana. Tsofaffin da suka san ranar sunan duk sun kwanta dama, saura ɗaya, shi ma ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Dole ya sake tsayawa a ƙofar Turai, wannan karon ya cire takalmi.

"Gwaggo, wata 'yar rantsuwa ce za ki yi mana."

"Na ji labari. Rubuta mini ɗakunana, ka sa hannu, Juwairiyya ta sa, gobe da safe in rantse."

"Alhajin ba zai yarda ba."

"To ka ce Alhajin ya je ya rantse."

"Gwaggo, wannan mugunta ce fa."

"A gidan nan na koya, kwanan nan."

Daga ranar aka daina gaisuwa. Fahad ya kira mai gyaran wuta ya cire layin da ya tafi ɗakunan baya, wai mita ba ta ɗauka. Turai ta sayi fitila mai caji, take kai ta rumfa ta cika. Ya sa kwaɗo a famfon tsakar gida, ita kuma ta yi ciniki da ɗan garuwa, kullum da safe ya turo kurarsa ta gaban tagar Fahad yana ƙwala sallama. Ranar Asabar, da dillalai ke kawo ma'auna su duba fili, sai ta fito da kujera bakin ƙofa ta zauna da carbi, duk wanda ya gaishe ta ta amsa da cewa gidan rigima ne, a yi hattara. Juwairiyya ta bugo waya daga Kano tana kuka, tana cewa Gwaggo ki ji tsoron Allah, marayu ne mu. Turai ta ce, "Marayu masu gemu da 'ya'ya. Lokacin da kuke marayun gaske wa ya riƙe ku?" Ta kashe wayar, sannan ta zauna bakin gado ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Ta tsani yaran nan a lokacin, tsana ta gaske, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu idan ta ji tarin Fahad ta katanga sai gabanta ya faɗi.

Wata huɗu ana haka. Ta san ba za ta riƙe su har abada ba, amma kowane wata da ya wuce tana kwana a ɗakinta, riba ce a wajenta.

Wata Talata da hantsi tana cikin buga wa wani takardar canjin suna, sai Malam Idi, mai kwamfuta a rumfar ƙarshe, ya zo ya tsaya a kanta da wata takarda rubutun hannu da aka kawo masa ya buga.

"Hajiya, ashe kina da ƙane ban sani ba?"

Ta karɓa ta gyara tabarau. Rubutun Fahad ne, ita ta koya masa riƙe biro. Da Turanci aka rubuta, ga abin da take cewa: ni Isiyaku Hassan, ƙanin marigayi uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ni kaɗai na rage da rai a cikin 'ya'yan iyayenmu, na rantse cewa Datti Rigachikun shi ne Abdurrahman Hassan.

Sau biyu ta karanta. Ta miƙe, ta bar takardar mutane a cikin tafireta, ta nufi rumfar ƙarshe. Fahad na zaune a benci, kusa da shi wani dattijo ramamme cikin babbar riga da ta yi masa yawa, irin mutanen nan da ba a rasa su inda ake neman shaida, ka ba su na abinci su zama kawunka. Fahad na ganinta ya miƙe tsaye.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta tsaya gaban dattijon ta ce, "Kai ne ƙanen nawa? Sannu da zuwa. Ya sunan uwarmu?"

Mutumin ya juya ya dubi Fahad. Shi ma Fahad bai san sunan ba. Inna ya san ana ce wa kakarsa, bai taɓa tambayar sunanta ba. Masu jiran layi suka zubo ido, har mai sayar da ruwan leda ta tsaya.

"Harira sunanta," in ji Turai. "Haihuwarta biyu, kuma ba ta taɓa sanin wani namiji ba bayan Malam Hassan. Tashi ka ba ni wuri tun ban tara maka jama'a ba."

Dattijon ya tattare rigarsa ya sulale ta bayan rumfa. Sai a lokacin ta juyo kan Fahad, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ka kashe ni a takarda ina raye, wannan na yafe, dama ka gama kashe ni a gida. Amma ka ɗauko ɗan tasha ka cusa a cikin uwata? A ajiye a kotu, jikokinka su zo su karanta?"

"Gwaggo, ke kika ja. Alhajin ya ce ƙarshen wata ko in dawo masa da abinsa. Ina zan samo? Gobe ma wani zan nemo, wallahi."

Ta san zai nemo ɗin. Ofishin 'yan sanda na nan kusa, takardar kuma na hannunta da rubutunsa, tana iya kai shi a rufe shi yau ɗin nan, ɗakunanta su tsira. Ta tsaya tana kallon tabon da ke leɓensa na sama. Sannan ta yayyaga takardar ƙanana-ƙanana ta watsa masa a ƙirji.

"Biyo ni."

Ta koma teburinta, ta zare takardar mutumin da ke jira ta ce ya yi haƙuri, ta sa sabuwa. Ba ta duba komai ba, da ka ta buga. Ni Turai Hassan, 'yar Malam Hassan da Harira na Rigachikun, ƙanwar marigayi uwa ɗaya uba ɗaya. Ta kawo sunan yanka, ta kawo dalilin laƙabin, ta kawo makarantar da aka fara rubuta shi, da shekarar da ya je Makka. Tana bugawa tana sane da cewa kowane layi bulo ɗaya ne take cirewa daga ɗakinta. Ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba. Ta ɗauki buta ta yi alwala a gefen rumfa, ta shiga ciki wajen jami'in da ake rantsuwa a gabansa, ta dafa Alƙur'ani ta faɗi gaskiya, aka buga hatimi.

Da ta fito ta zauna a kujerarta, ta ajiye takardar a kan tebur ta danne da hannu. Fahad ya miƙo nasa hannun, idonsa ya yi ja.

"Gwaggo, na gode. Zan nema miki ɗaki mai kyau, ko a unguwar Kawo ne, ni zan riƙa..."

"Kuɗin bugu."

Ya yi murmushin yaƙe, yana zaton wasa ne. Ba ta ɗaga hannunta daga kan takardar ba. Ya laluba aljihu ya ajiye, ta buɗe gwangwaninta ta ba shi canjinsa daidai, kamar yadda take ba kowa, sannan ta tura masa takardar da ɗan yatsa. Ya ɗauka, amma bai tafi ba.

"Gwaggo..."

"Malam, ka samu abin da ka zo nema, ka matsa mutane na jira." Ta leƙa bayansa. "Ina mai canjin suna? Zo mu ƙarasa."

Mutumin ya matso ya zauna a benci. Turai ta ɗauki takardarsa za ta mayar cikin tafireta, ta kuskure sau biyu, sai a karo na uku ta shiga daidai.