Wayar da Na Binne a Ƙofar Baba Tela

Ko me zan manta a rayuwata, ban da Juma'ar da mutanen layinmu suka tone mini eriya. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo ni, amma wallahi har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa.

Ni haifaffen Zongon Lome ne, sana'ata fitar wa mutane da kaya a tashar jirgin ruwa. Amma abin da ya shiga raina tun ina makaranta shi ne rediyo. Ba na saurare nake nufi ba, irin wanda mutum zai zauna a ɗakinsa da na'urarsa ya kira wani a wata ƙasa su gaisa. Ina da lasisina na gwamnati, da hatimi da komai. Duk shekara akan yi gasa ta kwana biyu a kan zangon rediyo na mita ɗari da sittin, wanda ya fi samun tashoshi da ƙasashe shi ke kan gaba. Mu masu wannan harka a Togo ba mu da yawa, saboda haka kana buɗe baki duniya za ta hau rububinka. Shekara uku ina sauraron gasar nan ina haɗiyar yawu, don ba ni da eriyar da za ta kai ni.

Wahalar wannan mita ke nan, eriya. Na kafa dogon ƙarfe a tsakar gidanmu, amma ƙarfen rabin aiki ne. Sai an ja wayoyin jan ƙarfe daga gindinsa sun bazu a cikin ƙasa kamar saiwar bishiya, kowacce ta yi wajen taku hamsin. In babu su, kai za ka ji mutane, su ba za su ji ka ba. To kun dai san gidajen Zongo, taku goma ka ci karo da katanga. Dole wayoyin su fita ta ƙarƙashin katanga, su bi layi, su ratsa ƙofofin maƙwabta.

A nan na yi wayon da ya ci ni. Na ce in aka san akwai jan ƙarfe a ƙasa, masu tsintar tsohon ƙarfe ba za su bar shi ya kwana ba. Sai na riƙa fitowa da an idar da sallar asuba, kafin masu koko su fito, in tsaga rairayi da adda, in tura waya, in mayar da ƙasa da ƙafa. Wata guda ina yi, waya ashirin da huɗu, ko matata ba ta san iyakar inda suka kai ba.

Ɗaya daga ciki ta bi ta dokin ƙofar Baba tela. Aminin mahaifina ne. Shi ya ɗinka mini kayan makarantata na farko, shi ya karɓa mini aure bayan rasuwar tsohona. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kullum sai dai “ɗana”. A watan nan ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita, ta kumbura ta yi gyambon da ya ƙi warkewa. Wani mai duba ya ce masa an binne masa abu a bakin ƙofa. Maganar da masu duba ke gaya wa kowa ke nan, sai dai shi da aka tona an samu.

Ranar da gasa za ta fara, bayan la'asar, zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a bakin layi, na ga layinmu kamar an yi huɗar doya. Ashe wayar mutanen layi suka bi daga ƙofar Baba har gindin ƙarfena, a can suka ga sauran ashirin da ukun. Sun fizge su duka, sun sassare, sun tara a gaban masallaci, har da yayyafa musu ruwan tofi.

Ihu na yi da Faransanci: “C'est pas possible! Ba zai yiwu ba! Wa ya ba ku izinin shiga gidana?”

Babban ɗan Baba ne ya tare ni. “Kai wa ya ba ka izinin binne wa tsohona abu?”

Wannan fa shi ya fi ƙona mini rai. Ajinmu ɗaya da shi, benci ɗaya, tare aka koya mana yadda lantarki ke bin waya. Ya sha zama a ɗakina yana jin ina gaisawa da Turawa yana dariya. Lambata na cikin wayarsa. Kira ɗaya, tambaya ɗaya, “Wane, mene ne wannan?” Bai yi ba. Haba! Ko ɓarawo aka kama ai akan tambaye shi.

Na ruga na ɗauko lasisi na miƙa wa liman, na zazzage masa bayani. Malam ya saurare ni tsaf, ya juya ga jama'a ya ce shi dai waya ya gani, bai ga laya ba, kuma zato zunubi ne. Sannan ya mayar mini da takardata.

“Wannan ta gwamnati ce. Ina ta maƙwabta?”

“Allah gafarta Malam, ɓarayi na ji wa tsoro.”

Baba na zaune a kan benci, ƙafarsa naɗe da tsumma. Sai a lokacin ya yi magana, kuma ba ni ya kalla ba. “Malam, kullum ina shagona, kullum yana wucewa. In abin alheri ne, me ya hana shi gaya mini? Ko ni ne ɓarawon?” Na durƙusa zan rantse, ya ɗaga hannu. “Tashi ka je, bawan Allah.”

Bawan Allah. Ni!

Bayan isha'i na kunna na'ura. Ga tashoshin Turai nan raɗau suna ta kira. Na kira, na sake kira, ba wanda ya amsa. Na kashe. Abin mamaki, gasar da na yi shekara uku ina mafarki ba ita ta hana ni cin abinci ba.

Ku ji inda abin haushin yake. Hayaniyar nan ce ta kai kunnen 'yar Baba da ke aure a Adidogome, ta zo ta sa shi a mota dole sai asibiti. Aka ce ciwon sukari ne, aka wanke gyambon, aka ɗora shi kan magani. Kafin wata ya zagayo yana taka kekensa. Me kuke tsammani layi ya ce? “Ai tun da aka tone abin nan ya samu lafiya.” Na yi murna da warkewarsa, Allah ne shaida, amma warkewar nan ita ta gama da ni. Na je ban haƙuri sau uku, har da goro. Yakan ce ba komai, ya wuce. Shekara shida muka yi bayan nan, ina gaishe shi yana amsawa, bai sake ce mini “ɗana” ba.

Ranar jana'izarsa na ɗauki shebur zan taya haƙa. Ɗan nan nasa ya zo a hankali, ya zare shi daga hannuna.

Har gobe ina cewa an zalunce ni, kuma ba zan janye ba. Amma na koyi abin da ba ya cikin littafin eriya ko ɗaya. Duk abin da za ka yi a ƙofar mutum, komai tsarkinsa, ka yi shi rana tsaka, ka fara da sallama. In ka ɓoye wa maƙwabcinka gaskiya, wani zai kawo masa ƙarya, kuma ita zai riƙe. Ni na yi wata guda ina neman hanyar da mutanen bayan teku za su ji muryata, alhali dattijon da ya fi cancanta ya ji ta taku ashirin ne tsakanina da shi.