Zalihatu Mai Hoto

A unguwar Treichville, duk inda mata 'yan Nijar suka taru don biki ko suna, akwai Zalihatu da 'yar kyamararta mai girman tafin hannu. Maza masu hoto ba sa shiga ɗakin amarya, ita kuwa har gefen gado. Da wannan sana'ar ta raini 'yarta Laila a ɗakin haya a Belleville bayan rasuwar mijinta.

Zalihatu ba ta iya karatu ba, alamomin kan kyamarar ta haddace. Alamar kan mutum ta amarya ce, ta mai gudu ta masu rawa, ta fure kuwa sai in za ta ɗauki lalle ko zobe kusa-kusa. Takan danna maɓalli rabi, ta jira koren akwati ya kama fuska, sannan ta ƙarasa.

Da yanar ido ta fara rufe mata gani, sai ta daina ganin alamomin. Kullum kafin ta fita, Laila ke saita mata.

Laila ta samu manemi, Amir, ɗan wani mai shigo da kaya a Adjamé. Danginsa suka riƙa yi mata habaici da 'yar mai bin biki.

"Maman, ki bar aikin nan, kunya kike ba ni," in ji Laila.

"Shi ya ciyar da ke, 'yar nan."

Ana nan sai Hajiya Adawiyya, gwaggon Amir, ta kira Zalihatu bikin autarta a Saint-Michel. Da safe Laila ta karɓi kyamarar, ta murɗa ta kan alamar fure, ta miƙa mata. Zalihatu ta wuni tana ɗauka. In ta duba ɗan allon ta ga dishi-dishi, sai ta ce idonta ne.

Da aka wanko hotunan, babu fuska ko ɗaya da ta fita. Amarya kamar hayaƙi. Hajiya ta zube su a tsakar gida, gaban mata.

"Ku zo ku ga aikin makauniya! Auta guda gare ni, kin shafe mata ranarta."

Zalihatu ta durƙusa tana tsince su da lalube, mata na dariya. Daga ranar ba wanda ya sake kiranta.

A gida ta ce, "Laila, a kan me kika sa ta?"

"Fure. Ai na roƙe ki ki bari, kin ƙi."

Bayan sallar layya aka ɗaura auren Laila. An ɗauko wani saurayi mai babbar kyamara. Da dangi suka jeru, Zalihatu ta lallaɓa ta tsaya kusa da 'yarta. Saurayin bai san ta ba.

"Anti, matsa gefe, kina tare haske."

Ta juya wajen Laila. Laila na gyara ɗankwalinta. Zalihatu ta dafa bango ta matsa.