Abin da ya maƙale a maƙogwaron Malam Badamasi

Da sunan Allah nake fara wannan rubutu, Shi da Ya ba ɗan Adam numfashi da harshe, kuma Yake karɓar su a lokacin da Ya ga dama.

Malam Badamasi mai ƙofar ruwa maƙwabcina ne a wani ƙauye kusa da Bunkure, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana murɗa ƙarfen da ke buɗe ruwan kanal zuwa gonaki. Shi ya san layin da ruwa zai bi ranar Litinin, da wanda zai jira Laraba, da manomin da ke toshe hanyar maƙwabcinsa da buhun ƙasa. Allah Ya ba shi murya mai kauri. Idan ya tsaya a kan gada ya ce ruwa ya taho, masu tumatir na ƙarshen layi sukan miƙe su ɗauki fartanya.

Ba mai zurfin karatu ba ne, amma abin da ya ji sau ɗaya yakan riƙe shi gam. Wata rana a karatun da nake bayarwa bayan La'asar aka zo kan cewa ruwa mai gudana yana tsarkakewa, kuma an so mai alwala ya kai matuƙa wajen shaƙa ruwa matuƙar ba azumi yake yi ba. Daga ranar bai sake ɗaukar buta zuwa wurin aiki ba. Yakan durƙusa a bakin ƙaramin kanal, inda ciyawa ta yi duhu, ya kamfato ruwa da tafin hannu, ya ja shi cikin hanci har idanunsa su kawo ruwa.

Akwai abu guda da yake tsoro fiye da mutuwa kanta. Yayansa Sada ya yi ciwon daji a maƙogwaro shekara shida da suka wuce. Aka yi masa aiki, aka huda wuyansa aka sa bututu, ya yi wata takwas bai furta kalma ba. Ranar da zai cika, Badamasi ne a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓɓan Sada suna motsi, amma iska ce kawai ke fita ta hudar wuyan. Na sha gaya wa Badamasi cewa Allah Masanin abin da ke cikin zukata ne, kuma ba Ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Yakan ce, “Haka ne, Malam.” Amma ban taɓa ganin maganar ta zauna masa ba.

A ranin bana, ana tsakiyar ɗiban tumatir, muryarsa ta dushe. Ya ce mura ce. Bayan kwana biyar ya yi kaki ya ga jini, ja wur. Bai gaya wa kowa ba. Yakan je ya tofar cikin kanal don ruwa ya tafi da shi. Matarsa Kubra ce ta gane, da ta ga tabo a hannun rigarsa wajen wanki. Ta aika aka kira Dattijo wanzami, don mutanen gida sun ce belu ne ya sauko. Dattijo ya sa shi ya buɗe baki a hasken rana, ya danne harshen, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya mayar da askarsa cikin zabira.

“Yanke mana, ko tsufa ya sa hannunka rawa?” in ji Badamasi da ragowar muryarsa.

“Belunka lafiyarsa ƙalau, ya fi ka lafiya,” in ji Dattijo. “Wannan jinin daga can ƙasa yake zuwa, inda hannuna ba ya kaiwa. Ku tafi Kano.”

Da jin an ambaci Kano, Badamasi ya juya fuskarsa bango. Mako uku aka yi a haka. Tafin hannunsa ya yi fari. Idan ya ja numfashi sai a ji wani siririn fito. Ya ce mini wani lokaci yakan ji kamar abu na motsi a wuyansa, kuma haka Sada ya riƙa cewa. Ko Sada ya faɗi haka, ni ban sani ba.

Wata safiya Kubra ta yi sallama a zaurena, ta tsaya daga bayan ƙofa. Ta ce, “Malam, ka yi wa amininka magana. Cewa yake gara ya mutu a ɗakinsa da muryarsa, da a kai shi a huda. Jiya yana cikin salla numfashi ya sarƙe masa, sai da ya dafa bango.” Na shiga wurinsa. Ban yi masa wa'azi ba, don ya riga ya ji duk abin da zan faɗa. Na ce masa kawai zan raka shi, kuma ba wanda zai taɓa wuyansa sai da yardarsa. Da wannan sharaɗin ya shiga mota.

A wani babban asibiti a Kano aka tura mu, ni da shi da Kubra, sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A kan bencin jira akwai wani tsoho da bututu a wuya. Badamasi ya gan shi, ya damƙe gefen rigata, bai sake ba har aka kira sunansa.

Likitar mace ce, Dokta Rauda, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba. Ba ta fara da taɓa shi ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai da shi, ta tambayi sana'arsa, da ruwan da yake sha, da inda yake alwala. Da ya ce a kanal, sai ta ajiye biro.

“Baba, nuna mini yadda kake shaƙa ruwan.”

Ya kwatanta da tafin hannu. Ta kalli ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye. Ta fesa masa maganin kashe zafi a hanci, ta ɗauko wani siririn bututu mai fitila a baki, ta nuna masa shi, ta bar shi ya taɓa da yatsa. Sannan ta zura a hankali, tana cewa, “Ja numfashi ta baki, Baba. Madalla. Saura kaɗan.” Hoton cikin maƙogwaronsa ya fito a allo. Na ga wani baƙin abu mai sheƙi a manne a gefen hanyar iska. Zuciyata ta yanke cewa ciwon Sada ne. Sai hasken fitilar ya taɓa shi, abin ya tsuke jikinsa, ya sake miƙewa. Kubra ta yi salati da ƙarfi.

Likita ta zare bututun. Ta ce, “Baba, ba daji ba ne. Matsattsaku ne. Yana ƙarami kamar zare ya shiga tare da ruwa, ya sauka ya kama wuri, yana shan jininka yana girma. Yau za a cire shi, a ɗakin tiyata, kana barci.”

Badamasi bai yi murna ba. Tambaya ɗaya ya yi: “Za ki huda ni?”

“Niyyata in shiga ta baki in fito da shi ta baki,” in ji ta. “Amma ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. In ya saki ya faɗa hanyar iska, ko wurin ya kumbura, zan huda don ka rayu. Irin wannan hudar ana rufe ta bayan kwanaki.”

Ya miƙe yana laluben takalmansa. Ba ta tare shi ba. Ta ce, “Ƙofa a buɗe take, Baba. Sai dai ka sani, rabin hanyar numfashinka ya riga ya cinye, kuma gobe zai fi yau girma.” Ya tsaya riƙe da takalmi ɗaya, ana jin fiton numfashinsa a ɗakin. Can ya ce yana da buƙata: kafin a sa shi barci, a bar shi ya faɗi kalmar shahada da bakinsa, mutane su ji.

Haka aka yi. A bakin ɗakin tiyata likitar ta tsayar da masu tura gadon, ta sa aka yi shiru. Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, har sai da ni da ita muka sunkuya kusa da bakinsa. Ya faɗa sau uku, yana hutawa a tsakani. Ta ce, “Na ji, Baba. Malam ma ya ji.” Aka shige da shi.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai Kubra ta miƙe. Ni kuwa abin da ke cin raina shi ne, daga bakina ya ji mas'alar shaƙa ruwan, kuma ban taɓa ce masa ya duba ruwan da yake kamfata ba.

Likita ta fito da ƙaramar kwalba. Abin yana ciki, ya kai tsawon yatsa, yana motsi. Ta ce ba a huda ba. Amma wurin da ya kama kusa da igiyoyin murya ne, ya yi rauni, don haka kwana uku kada ya ce uffan, ko da raɗa.

Waɗannan kwana ukun sun fi masa mako ukun baya tsanani. Yana kwance, wuyansa lafiya, amma bai san ko muryar tana nan ba. Yakan yi salla da motsin leɓɓa kawai, in ya idar sai ya zuba mini ido.

A safiya ta huɗu Dokta Rauda ta sake dubawa da bututunta, ta ce, “To Baba, ce wani abu.” Ya buɗe baki, ya rufe. Gumi ya tsattsafo a goshinsa. Muka jira, ita ma ta jira, ba ta duba agogo ba.

Kubra ta kasa daurewa. Ta ce, “Ikon Allah! Shekara talatin ba ka taɓa barina na kai ƙarshen zance ba, yau ana roƙonka ka yi magana kana ja wa mutane aji?”

Ya juyo ya harare ta. “Ke dai kin cika surutu,” in ji shi.

A dushe muryar ta fito, da kyar, amma ta fito. Likita ta ce ba ta ji sosai ba, ya maimaita. Ya maimaita, wannan karon har mara lafiyan gadon kusa ya ji.