Rabin Yini

Zosima masaƙiya ce a gidan Ufidiyus, mai fataucin man zaitun a garin Ostiya na bakin teku, ni kuma ungozomar bayin gidan ce. A gabana aka sayo ta tana 'yar shekara tara, ƙafafunta fari fat da allin da dillalai ke shafa wa sabbin bayi. Ta girma a ɗakin saƙa, ga hannu ga bakin tsiya. In na wuce sai ta ce, "Inna Tirifena, yau wa kika ciro wa maigida? Kin fi gonarsa albarka." Ni kuma in ce mata ta saurara, nata na nan tafe.

Ya kuwa zo. Shekarar da ta cika talatin maigida ya sa ranar kai ta gaban alƙali ya 'yanta ta, lokacin cikinta ya tsufa. Dokar kuwa kowa ya san ta: ɗa uwarsa yake bi. In ta haihu tana baiwa, jaririn dukiyar gida ne. In sandar alƙali ta riga ta taɓa kanta, ɗa ne kamar kowa.

Sai bikin alloli ya faɗo, kwana uku alƙali ba ya zama. A rana ta biyu naƙuda ta taso.

In mace za ta haihu, kwance mata gashi muke yi, mu warware duk wani ƙulli da ke ɗakin don hanya ta buɗe. Zosima ta tufke gashinta tamau, ta ɗaure ɗamara, ta bi zaren masaƙarta tana ƙullawa ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, zauna bakin ƙofa ki harɗe ƙafa, ki sarƙe yatsunki. Kar ki saki."

"Ke 'yar nan, ai maƙiyi ake yi wa wannan."

"To ki zama maƙiyiyata zuwa jibi. Ai kin iya."

Na zauna. Shekara arba'in ina lallashin yara su fito, ranar nan ina roƙon wannan ya dakata. Ta ciji tsumma, ta ƙi tsugunawa, yatsuna suka sandare. Kwana biyu muna haka. Da sassafen ranar da alƙali zai zauna yarinya ta faɗo, lafiyayya, da muryarta. Rabin yini kawai ya rage.

Zosima ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura tsummoki a ciki, ta ce in ɓoye jaririyar cikin kwandon ulu, ta bi maigida a ƙafa tana cije leɓe. A hanyar gidan wanka suka tari alƙalin, ya ɗora mata sanda ko kallonta bai yi ba. Da ta dawo muka rufe ƙofa, can da la'asar na fito ina guɗa, wai a lokacin aka haihu.

Amma Hilarus, babban bawan gida, ya ji kukan safe. Bawa ne kamar mu, sai dai tun da aka ba shi makullai ya manta. Ya kira ni ɗakin ajiya.

"Tsohuwa, yaushe aka haihu?"

"Da la'asar, ranka ya daɗe."

"Kin san ba a karɓar shaidar bawa sai da azaba. Ba ni na kafa dokar ba."

Ya sa ƙarfe a wuta. Zan so in ce sai da aka ƙona ni, amma ƙarya ne. Ƙarfen bai ma gama ja ba na faɗa. Har yau ina jin kunyar wannan, kuma da ita za a binne ni.

'Yancin Zosima ba mai iya ƙwace shi, yarinya kuwa ta zama ta gida. Hilarus ya raɗa mata suna Fartunata, wai mai sa'a. Zosima ta ci gaba da saƙa a ɗakin nan dai, don ta zauna kusa da 'yarta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Tsokanata kawai ta daina.

Yarinyar na da shekara bakwai aka aurar da 'yar maigida can tsibirin Sisiliya, aka sa Fartunata cikin kayan amarya. Zosima ta zube gaban maigida.

"Ranka ya daɗe, ka mai da ni baiwa, a haɗa da ni."

"Ke 'ya ce yanzu, doka ba ta ba ni wannan iko ba. Kuma wa zai yi mini saƙa?"

Duk da haka ta ɗauki ƙunshinta ta bi su har bakin ruwa, ina biye da ita. Ana ta loda tuluna da akwatuna, aka ɗaga yarinyar aka miƙa ciki tana kiran uwarta. Zosima ta sa ƙafa kan katakon hawa, Hilarus ya tare ta da hannu. Ba da faɗa ya yi maganar ba.

"Yi haƙuri, uwargida. Jirgin nan na kayan gida ne. Ke kuwa ba kayanmu ba ce."