Ni Na Ƙona Kurmi, Baffa Aka Kora

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ga ƙarfi ga taurin kai, a wani ƙauye kusa da Aujara. Sana'ata zuma. Na gaji amya goma sha biyu daga mahaifina, duk a rataye a kurmin bayan gari, inda ɗorawa da marke da tsamiya suka haɗe kai. Da kalwar kurmin nan matan garinmu suke daddawa. A gefensa akwai rugar wani dattijo Bafulatani da muke kira Baffa, wanda yake zaune a wurin tun kafin a haife ni.

Mahaifina ya koya mini cewa da an gama yankan dawa, sai a saka wa ciyawar gindin itatuwa wuta tun tana da sauran danshi. Wutar takan bi ƙasa a hankali ta mutu, gobarar rani ta rasa abin ci. To amma shekara uku a jere ruwa yana ɗaukewa da wuri, zafi kuma sai gaba yake yi. A shekarar nan, kafin a yanke dawa ciyawa ta bushe ƙayau. Baffa ya same ni ina shirin ƙuna, ya ja ni gindin wata ɗorawa ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa, ta amsa kamar ganga. Ya nuna mini garin itace da ƙwari suka zubo a ƙasa. Ya ce ƙishirwa ta cinye ƙarfin itatuwan, gara da ƙwari sun rarake cikinsu, in haƙura da wuta bana, shanunsa za su share ciyawar cikin kwana goma. Ni kuwa na ɗaga masa murya, na ce dama ciyawar yake kwaɗayi, kuma baƙo ba zai koya mini kurmin ubana ba. Wallahi haka na faɗa wa sa'an mahaifina.

Washegari da hantsi na ƙyasta ashana. Wutar ta tashi sama da tsayina, ta shige kogunan itatuwa, kwana uku hayaƙi yana fita ta samansu. Na kwaɓa laka na bi ina toshe kogunan, don kashe wutar da kuma ɓoye ta. Ƙudan zumata suka gudu. Itatuwan dai suna tsaye, sai na ce na tsira. Da bazara hadarin farko ya taso da iska, irin wadda a da ko reshe ba ta karyawa a kurmin. Kafin la'asar ɗorawa ta zube bila adadin.

Mata suka fito suna kuka, gari ya ɗauki zafi. Mai unguwa ya tara mutane, ya tambaye ni, tunda ni na fi kowa sanin kurmin. Na miƙe ba kunya ba tsoron Allah, na ce saran ganye da Baffa yake yi wa shanunsa ne ya kashe itatuwan. Baffa ya roƙa a je a leƙa cikin kututturan. Na tare shi, na ce kowace shekara ƙuna muke yi, yaushe itace ya taɓa faɗuwa? Mutane dama wanda za su ɗora wa laifi suke nema. Aka ba shi kwana uku ya tashi, alhali an yi shuka, hanyoyi duk sun zama gonaki, shanunsa kuma ƙashi da fata. Ranar tashinsa ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗana, kai ka san abin da ke cikin itatuwan nan. Ina jiranka." Na kau da kai.

Shekara shida ina cewa gobe zan faɗa. Watan jiya na ga 'yar Baffa tana sayar da nono a kasuwar Dutse. Ta gane ni, ta dama fura ta miƙo mini, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta ce rabin shanun a hanya suka mutu. Sannan ta ce, "Baffa ya hana mu zaginka. Kullum cewa yake za ka zo. Bara ya rasu." Na ajiye furar, na kama hanyar gida.

Na je na faɗa wa mai unguwa gaskiya, amma wanda ya kamata ya ji yana kabari. Jama'a, damina ta canja, itatuwan da iyayenmu suka sani ba su da ƙarfin da, abin da suka jure jiya yau kashe su yake yi. Ku duba ƙasa da itace kafin ku bi al'ada ido rufe. In kuma kun yi ɓarna, kada ku rataya wa wanda ba shi da mai tsaya masa. Ni yanzu gafara nake nema, na rasa wanda zan roƙa.